Wasiƙa zuwa ga Nuhu a Agadas, kan ƙauyen Degel

Gwadabawa, Jihar Sakkwato

Zuwa ga aminina Nuhu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya sanyin Agadas? Mu ma nan hunturu ya sauko da ƙarfinsa, ƙafa duk ta yi kaushi, da asuba kuwa sai an yi da gaske ake taɓa ruwan alwala. Inna tana gaishe ka. Ta ce in tuna maka cukun da ka yi mata alkawari tun bara, wai ko raƙumar ce har yanzu ba ta haihu ba.

Bayan haka, saƙonka ya iso tun makon jiya. Ka ce tunda aikin rabon gidan sauro ya kawo ni ƙasar Gwadabawa, ko na taka Degel, mutum nawa ne a cikinsa, kuma da gaske ne ɗan ƙauye ne kawai kamar yadda wani direba ya gaya maka. Na fara amsa maka da murya a waya har sau biyu ina gogewa, don maganar ta fi ƙarfin minti uku. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da tsawonta, kai ka tsokano.

Na je, sau biyu ma. Direban bai yi maka ƙarya ba. Ƙauye ne irin wanda ka sani: katangar ƙasa da darni, rumbuna, awaki a bakin hanya, gonakin gero da dawa sun kewaye shi, yara suna bin babur da gudu. Yana wajen Cimmola, arewa da Sakkwato. In ba an gaya maka ba, za ka wuce shi ba ka waiwaya ba.

Maganar adadi kuwa, bari in ba ka labarin aikin namu tukuna, don wata biyu ke nan ina yawo gida-gida da rajista a hammata, kuma na gane ƙauye ba ya tsayawa a ƙirga shi. A ƙa'idar aikin, gida shi ne mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya. To ka shiga zaure ɗaya ka tarar da tsoho da 'ya'yansa huɗu masu aure, da damina gandu ɗaya suke nomawa, tukunya ɗaya, da rani kuma kowa ya kafa murhunsa. Gida ɗaya za ka rubuta ko biyar? Sannan mu maza iyakarmu zaure, abokiyar aikinmu ce ke shiga ciki. Rannan ta tambayi wata mata 'ya'yanta nawa, ta ce biyar. Ana cikin rubutu sai ga wani saurayi ya shigo da damin kara a ka, kamarsu ɗaya sak. Aka ce wannan fa? Matar ta kau da kai ta yi shiru. Ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta sa shi a lissafi ba, balle ta ambaci sunansa. Wata tsohuwa da ke kaɗi a gefe ta ɗago ta ce, "Ku dai ba ku da ta ido. Ɗiya a ka ƙilga, sai ka ce awaki?"

Ga kuma cin rani. Tunda aka sa gero a rumbu galibin samari sun watse, wasu Legas, wasu Ibadan, wasu Fatakwal, masu acaba da masu ga-ruwa da masu gadi, wasu kuma suna nan kusa a fadamun albasa. Ba za a sake ganinsu ba sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wanda ya ƙirga ƙauye a watan Janairu da wanda ya ƙirga shi a watan Agusta, kowa zai rantse ɗan uwansa ƙarya yake yi. Abin dariyar shi ne da zarar labari ya bazu cewa gidan sauro za a raba, sai duk 'yan cin ranin su dawo a baki, har da wanda ya shekara uku bai leƙo gida ba. Wani dattijo da muka sha fura a zaurensa ya ce min a zamanin haraji da jangali akasin haka ake yi, in malamin haraji ya doso, samari su faɗa dawa, shanu su haura tudu. Ya ce da rabo gida cika yake, da karɓa kuwa kango ne.

Alƙaluman da hukuma ta fitar na ƙidayar 2006 a kan ƙaramar hukuma suka tsaya, ba su sauka zuwa ƙauyuka ba. Gwadabawa gaba ɗayanta an ba ta mutum dubu 231 da 'yan kai, a cikin miliyan 3.7 na Jihar Sakkwato. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 ka san ɗage ta aka yi. Abin da muka rubuta a rajistarmu kuma amanar masu aikin ce, ba na wasiƙa ba ne. Amma tunda na dawo daga Degel nake ta juya wani tunani, cewa labarin ƙauyen nan tun farkonsa labarin yawan mutane ne, kuma shi nake so in ba ka.

Dangin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Torankawa ne, Fulanin da suka fi riƙe allo da littafi a kan sandar kiwo. Kakansu Musa Jakollo daga Futa Toro ya taso, can ƙasar Senegal ta yau, ya sauka a ƙasar Ƙonni wajen ƙarni na 15. Daga baya wani reshe nasu ya koma Maratta, a nan aka haifi Shehu a ƙarshen watan Safar na 1168, wato Disamban 1754. Maratta a ƙasarku take yanzu, wajen Galmi mai albasa. In ka sauko ta Tawa, kafin ka shiga Ƙonni, gabas za ka ratse. Yana yaro iyalin suka taso zuwa Degel, kuma a nan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya zauna har ya rasu. Kalmar Fodiyo ɗin ma da Fulatanci malami take nufi.

Ka ga ke nan Degel bai fara da ganuwa ko kasuwa ko fada ba. 'Yan gidaje ne na dangi, malamai da almajiransu, da gona da 'yan dabbobi a gefe. Irin malaman nan da gangan suke nisantar birni, don wanda ya zauna kusa da fada ko bai so ba wata rana zai ci tuwonta, wanda ya ci kuwa bakinsa ya mutu. Alƙalawa ce babban birnin Gobir a lokacin, Degel kuwa can gefe yake, inda ba wanda zai damu da shi.

Shehu ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, wajen 1774. Shekarun farko bai cika zama ba. Ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har garin da kake zaune, ya shiga Kabi, ya yi kusan shekara biyar a Zamfara yana karantarwa, ƙanensa Abdullahi yana tare da shi. A wannan yawon ne ya tara mutanen da daga baya za su cika Degel. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Sallah, ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu zinariya miskali 500. Shehu ya ce ba ya so. Abu biyar ya roƙa a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Ka sake duba roƙo na biyu da kyau, Nuhu. Wanda ya karɓi zinariya ya kai gida ta ƙare. Shi kuwa izinin taruwar mutane ya karɓa, kuma sarki da bakinsa ya ba shi.

Daga farkon shekarun 1790 ya dawo Degel ya zauna, sai ƙauyen ya fara kumbura. Ɗalibi ya zo daga nesa don littafi ɗaya, ya ga wuri ya yi masa, ya aika a kawo masa matarsa. Malami ya zo da nasa almajiran, ya kafa bukkoki a gefe. Fulanin daji suna sauka kusa da shanunsu. Talaka Bahaushe da haraji ya ishe shi ya ji an ce akwai inda ake faɗin gaskiya da harshen da yake ji, don karatu da Larabci ake yi amma wa'azi da waƙoƙi da Fulatanci da Hausa ne. Buzaye suna zuwa daga arewa. Abdussalami, wanda Ba'are ne ba Bafulatani ba, ya zauna kusa yana ɗaukar karatu, shi ma da tasa jama'ar. Mata ma suna cikin lissafi, don Shehu bai yarda a bar su cikin jahilci ba. Tun yana Zamfara wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soke shi kan barin mata suna halartar wa'azi, Abdullahi ya mayar masa da amsa a waƙe cewa barin su cikin duhu ya fi muni. A wannan Degel ɗin aka haifi Nana Asma'u wajen 1793, ita da tagwaininta Hassan, ta tashi tana jin Fulatanci da Hausa da Larabci da Buzanci. Yarinya ba ta tsintar harshe huɗu a ƙauyen da dangi ɗaya ne kawai a cikinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin cakuɗar da ke wurin.

Su kansu ba su kira kansu mutanen Degel ba. Jama'a suke cewa, shi ke nan. Kuma mafi yawan Jama'ar ba a Degel suke kwana ba, suna warwatse a Gobir da Zamfara da Kabi, su zo su yi kwanaki su koma. Wato da irin rajistata aka je a lokacin, da an sha wahalar da ta fi tawa.

To a nan ne zan taɓo kakanninka, Bagobiri, sai ka daure. Tun muna makaranta ake ba mu labarin dokokin Sarkin Gobir Nafata a matsayin zalunci tsagwaronsa: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma abin da ya tarar, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Zalunci ne, ban musa ba. Amma da na yi wannan aikin sai na karanta su da wani ido. Duk dokokin nan na mutumin da ya ƙirga ne ya tsorata. Hana almajirai wa'azi, an toshe inda sababbi ke shigowa. Mayar da sababbin shiga, an rage waɗanda suka riga suka shigo. Rawani da lulluɓi kuwa su ne rajistar. Ba a buƙatar malamin ƙidaya, bafade ya tsaya a bakin kasuwa ranar cinta ya duba kawuna, ya ga bana rawuna sun fi na bara, ya koma fada ya faɗa. Kuma ba sarki kaɗai ke gani ba, su ma masu rawanin suna ganin junansu, suna sanin yawansu. Sarkin da ƙasarsa ke cikin yaƙe-yaƙe, yana neman masu biyan haraji da masu ɗaukar baka, ya wayi gari talakawansa suna zarewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa ƙarƙashin wani malami a ƙauyen da ko ganuwa ba shi da ita. Ni a ganina abin da ya hana Alƙalawa barci ke nan, fiye da abin da ake faɗa a wa'azin. Kuma in za a yi adalci, sarakunan Gobir sun bar Jama'ar nan tana girma kusan shekara talatin. Kar dai ka ɗauki wannan ka je kana cewa na wanke Sarkin Gobir Yunfa.

Yunfa ya gaji Nafata, abu ya ƙara tsami. Abdussalami ya riga ya kwashe mutanensa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, ta kamo mutane, kuma ta biyo da su a ɗaure ta kusa da Degel. Mutanen Degel suka fito suka kwance su. Ka tsaya nan ka yi tunani. Ƙauyen da ya fara da 'yan gidajen malamai, yau shi ne ke tare rundunar sarki ya karɓe bayinta. Saƙon da Yunfa ya aiko bayan haka shi ma na lissafi ne: Shehu ya fita da iyalinsa kawai, ya bar sauran. Shehu ya ce ba zai rabu da Jama'arsa ba, sai dai su bar masa ƙasarsa gaba ɗaya.

A watan Zulƙida na 1218, Fabrairun 1804, suka tashi zuwa Gudu, can yamma a bakin iyakar Gobir. Lokaci irin wannan da nake rubuto maka, rani ya kama, rijiyoyi sun fara ja baya. Aliyu Jedo, wani jagoran Fulani, da wani malamin Buzaye, Agali, suna cikin waɗanda suka taimaka da dabbobin ɗaukar kaya, aka ɗora littattafai a raƙumi. Asma'u tana 'yar shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka. Muhammadu Bello yana saurayi ɗan ashirin da 'yan kai. Mutane suka yi ta bin su Gudu rukuni-rukuni har sarki ya sa a tare hanyoyi. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, a watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto. A ƙarshen shekarar nan, a yaƙin Tsuntsuwa, Jama'a ta rasa mutum wajen 2,000, kuma an ruwaito cewa kimanin 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Ba dukansu ne mazauna Degel ba, amma adadin yana gaya maka irin mutanen da wurin ya tara. Duk mutum goma da suka faɗi, ɗaya ya haddace izu sittin.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Shehu bai koma Degel da zama ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808, hanya ta buɗe, amma shi daga Gwandu sai Sifawa, daga Sifawa sai Sakkwato, inda ya rasu a 1817, Allah ya ƙara masa yarda. Waɗanda suka cika ƙauyen su ne suka je suka cika Sakkwato da Gwandu da Wurno. Yankin nan kuwa daga baya aka sake zuba masa mutane. Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, ya yi ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, a Cimmola, har ana ce masa Mai Cimmola. Ɗansa Muhammadu Maiturare, Marafa, shi ya kafa Gwadabawan nan da nake zaune, ya yi ta jawo mutane suna sare daji suna kafa ƙauyuka, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Don haka in ka tambayi mutanen yankin asalinsu, za ka ji amsa kala-kala: wannan Bafulatani, wannan Bagobiri irinka, wannan Ba'adare, wancan kakansa daga arewa ya gangaro shekarar wata yunwa. Yau duk Hausa suke yi, Sakkwatanci mai kauri, wanda ni kaina wani lokaci sai na ce a maimaita.

Zuwana na biyu ba don aiki ba ne. Ranar Juma'a na ari babur, taya ta yi faci a hanya, na tura shi cikin rairayi har na yi da-na-sanin fitowa. Wani tsoho ya raka ni ya nuna min inda aka ce nan gidan Shehu yake, da maƙabarta. Muka tuɓe takalma, ƙarangiya ta cika min ƙafar wando, muka yi addu'a. Ba kowa sai mu biyu da wata akuya da ke cin kara. Na ce masa, Baba, wurin nan ne ya ɗauki duk mutanen da ake faɗa? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce, "Yaro, wanga wuri da kaka gani, ba shi ad da mutane ba. Malam ad da su. Da yat tashi sunka bi shi." Na ba shi ɗan abin goro, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah.

Akwai wani abin da ban so in rufe ba tare da na gaya maka ba, ko da yake ba daɗi. A rajistarmu akwai gurbin baƙi, kuma a wasu gidajen cikin Gwadabawa gurbin nan ya fi na 'yan gida cika. Mutane ne da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, wasu daga gabas wajen Sabon Birni da Isa, wato ƙasar Alƙalawa ta da, wasu daga yamma wajen Tangaza da Gudu inda ake fama da Lakurawa. Wata mata ta ce min daga ƙasar Gudu suka taso da dare, da tabarma da tukunya da yara huɗu. Na rubuta sunan garin a takarda, hannuna ya yi sanyi, don ban daɗe da dawowa daga Degel ba. Na ba ta katin gidan sauro uku. Ita ba ta ɓoye ɗan farinta ba, ta ce yana can bai fito ba tukuna.

Mu nan cikin gari lafiya lau, kada ka gaya wa Inna wannan, ka san ta da damuwa. Kuɗin aikin ma har yanzu ba su fito ba, kullum sai a ce mako mai zuwa, amma muna nan muna lallaɓawa.

In Allah ya kai mu Ƙaramar Sallah kuma ka samu sukunin saukowa, ka biyo ta Ƙonni ka tsallako Illela, Gwadabawa a kan hanya take, ba sai ka shiga Sakkwato ba. Sai mu je Degel tare da sassafe, ka gaisa da tsohon nan, in gaya masa ga jikan Yunfa na kawo ya ba da haƙuri. Kafin nan ina da aike. Ka tambayi dattawan malamai a Agadas abin da suke riƙe da shi na zaman Malam Jibrilu da Shehu a garin, ko unguwa ce ko masallaci, ka rubuto min yadda suka faɗa da bakinsu, kada ka gyara. In ka biyo ta Galmi kuma ka leƙa Maratta ka ɗauko min hoto.

Ka gaida maiɗakinka da yara, ka shafa min kan ƙaramin. Ka gaida Alhaji mai shagon da ke kusa da naka, wanda muka gaisa a waya. Kada ka manta da cukun Inna.

Wassalam.

Naka har kullum,
Lawali